Yadda Ake Shiga Aikin Kai Wutar Lantarki Karkara, Daga Saman Kwano Zuwa Hukumomin Duniya

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki kwata-kwata, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan masu kwana cikin duhu. A Jamhuriyar Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne wuta ta kai gare shi. In aka haɗa ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, adadin ya kai wajen miliyan 600. Saboda wannan giɓi ne kuɗi ke ta shigowa. A watan Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda ake son ya kai wuta ga 'yan Najeriya miliyan 17.5 ta hanyar hasken rana. A 2024 shi da Bankin Raya Afirka suka ɗauki alƙawarin haɗa mutum miliyan 300 da wuta kafin 2030, shirin da ake kira Mission 300, aka kuma yi taron ƙolinsa a Darussalam ta Tanzaniya a Janairun 2025.

Matasa da yawa sun ji wannan labari, sai dai akasarinsu ta wutsiya suke kama shi. Mutum ya gama digiri yau, gobe ya fara tura takardu Majalisar Ɗinkin Duniya, wata shida shiru, sai ya ce ai sai da hanya. Hanya tana tasiri, ba a musu. Amma abin da masu ɗaukar aiki a wannan fage suke nema da wuya su samu shi ne mutumin da ya taɓa tsayawa a ƙauye, ya san wutar da mutane za su sha da kuɗin da za su iya biya, ya kuma iya rubuta hakan a takarda da lambobi. Matakan da ke ƙasa hanyar zama wannan mutumin ce.

Mataki na 1: Gane inda kuɗin yake bi

Kafin ka nemi aiki, san wanda zai biya ka. A Najeriya tsarin a taƙaice haka yake. Manyan masu ba da rance da tallafi, irin su Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka, Tarayyar Turai da hukumar GIZ ta Jamus, su ke kawo kuɗi ko ƙwararru. Kuɗin kan bi ta Hukumar Samar da Wuta a Karkara, wato REA, wadda dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta kafa. Amma REA ba ita ke hawa kwano ba. Kamfanoni masu zaman kansu ne suke zuba jarinsu, su gina tasha, su ja waya, su saka mita, sannan a turo masu tantancewa su tabbatar gidaje nawa aka haɗa kuma wutar tana aiki. Bayan nan ne ake biyan kamfanin tallafi gwargwadon adadin da ya haɗa. Daga nan kuma rayuwar kamfanin ta dogara ne ga kuɗin wutar da mutanen garin ke biya wata bayan wata, har tsawon shekara ashirin ko makamancin haka.

Riƙe wannan da kyau, domin shi ke nuna maka inda guraben suke. Ofishin mai ba da tallafi a Abuja zai iya zama mutum goma ne. Kamfanonin da ke aiwatarwa kuwa suna buƙatar ɗaruruwa.

Kasuwar ta rabu gida-gida. Akwai ƙananan na'urorin sola na gida, fitila uku ko huɗu da wurin cajin waya, wani lokaci da fanka ko talabijin, waɗanda kamfanoni irin su Sun King da d.light ke sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, in an daina biya na'urar ta kulle. Akwai ƙaramar tashar gari, wadda 'yan harkar ke kira mini-girid: filin farantan sola, ɗakin batura, janareton ko-ta-kwana, da turakun da ke rarraba wuta ga gari guda. Irinta ce kamfanin PowerGen ya gina a Rokota ta Jihar Neja a ƙarshen 2019, Husk Power kuma ya buɗe guda shida a Jihar Nasarawa a 2021. Akwai manyan ayyuka na cibiyoyi, kamar tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, ko solar da aka kai wa shagunan Kasuwar Sabon Gari. Sai kuma ɓangaren girki mai tsafta, wato murhu mai rage cin itace da kuma girki da iskar gas, wanda ba a cika maganarsa ba alhali hayaƙin girki yana kashe mata da yara fiye da yadda ake zato.

Mataki na 2: Zaɓi layin da ya dace da abin da ke hannunka

Kuskure ne a ɗauka sai injiniya. Injiniyoyi da masu haɗa waya su ne ƙashin bayan aikin, haka ne, kuma wanda ya yi karatun lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha ko ya yi shekaru yana wayarin a hannun maigida ya riga ya yi rabin tafiya. Amma tashar da aka gina da kyau takan mutu saboda abin da ba na waya ba: an yi rigima kan filin da aka kafa ta, ko an yi wa mutane alƙawarin wuta mai arha sai suka ga akasi, ko an yi zaton garin zai sha wuta mai yawa sai ya zama fitila da cajin waya kawai ake yi.

Don haka wanda ya karanta ilimin zamantakewa, aikin gona ko tattalin arziki yana da gurbi a hulɗa da jama'a, binciken buƙata, da sayarwa. Mai akanta yana da gurbi a lissafin farashin wuta da tsara yadda jari zai dawo, kuma a ganina wannan ne layin da ya fi saurin kai mutum sama, domin masu iya shi kaɗan ne. Wanda ya yi labarin ƙasa ko kwamfuta zai iya kama taswira da bayanai: wane ƙauye ke nesa da babban layi, gidaje nawa ne, akwai kasuwa ko babu. Duk aikin da kuɗin Bankin Duniya ya shiga sai an duba tasirinsa ga muhalli da jama'a, yadda aka samu fili, inda tsoffin batura za su ƙare, da hanyar karɓar koke, saboda haka masu ilimin muhalli ma ana nemansu. Lauya kuma ga sabuwar ƙofa: Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kafa hukumar sa ido tasu, kuma duk jihar da ta ɗauki wannan hanya tana buƙatar masu rubuta ƙa'idoji.

Zaɓi ɗaya ka zurfafa. Amma ko wanne ka ɗauka, mataki na gaba dole ne.

Mataki na 3: Iya lissafin lodi har ka yi shi a bayan ambulan

Ko kai mai akanta ne ko jami'ar hulɗa da mata, in ba ka san bambancin wat da wat-awa ba za a gane cikin minti biyar na ganawa. Wat shi ne ƙarfin da na'ura ke ja a lokaci guda. Wat-awa shi ne abin da ta sha gaba ɗaya cikin wani lokaci. Ɗauki shagon mai sayar da lemo da ruwan sanyi a matsayin misali. Firjinsa na jan wat 150, injinsa kuma yakan yi aiki kamar awa 10 a yini, ka ga wat-awa 1,500. Fanka biyu masu wat 60 na awa 8, wat-awa 960. Ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa 5, wat-awa 200. Cajin wayoyi 20, a ce kowacce wat-awa 10, wasu 200. Jimilla 2,860.

Ba a tsayawa nan. Wuta na zubewa a waya, a inbata, a batir, ga ƙura ga zafi, saboda haka ƙara kashi 30 cikin ɗari, ya zama wajen 3,700. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar rana mai ƙarfi takan ba da abin da ya kai awa 5 zuwa 6 a yini. Ɗauki 5 don ka tsira a watan Agusta da lokacin hazo. Raba 3,700 gida 5, ka samu wat 740. Farantai biyu masu wat 400 sun wadatar.

Batir shi ne inda ake yawan cutar mutane. In shagon zai sha wat-awa 1,500 bayan faɗuwar rana, batir mai ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, don haka sai ka nemi mai ɗaukar 3,000. Na litiyam yana jure a zuƙe kashi 80 ko fiye, ya fi tsada a saye, ya fi arha in an lissafa shekarun da zai yi. Sannan zafi: batir mai ruwa da aka ajiye a ɗakin kwano marar iska a Sakkwato ko Maiduguri ba zai yi shekarun da aka rubuta a jikinsa ba, domin an auna su ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana cin kusan rabin rayuwarsa. Haka inbata: firji, famfon ruwa da injin niƙa sukan ja ninkin ƙarfinsu sau uku ko fiye a daƙiƙar tashi. Wanda bai lissafa wannan ba, shi ne za a kira da yamma a ce masa, "Injiniya, abin nan naka da an kunna firji sai ya yi ƙara ya ɗauke."

Koyi kuma abubuwan da ido ke gani. A nan yankinmu faranti kudu yake fuskanta, a ɗan jingine shi digiri 10 zuwa 15. Inuwar reshen darbejiya ɗaya a kan kusurwar faranti tana iya rage wutar layin gaba ɗaya. Lokacin hunturu ƙura kan kwanta a kansu cikin 'yan kwanaki, kuma ana wanke su ne da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana gilashi na zafi ba. Wutar da ke fitowa daga jerin farantai tana kisa ko da babu NEPA a garin. Kada ka cire mahaɗi alhali lodi na kai.

Bayan ka iya da hannu, sai ka koma kwamfuta. Excel shi ne farko, kuma a iya shi sosai. Global Solar Atlas kyauta ne, zai nuna maka ƙarfin rana a kowane gari. QGIS kyauta ne na taswira. HOMER Pro da PVsyst su ne manhajojin da masu tsara tasha ke amfani da su, na kuɗi ne amma akwai damar gwaji ta ɗan lokaci.

Mataki na 4: Nemi takardar da ake ganin girmanta

Takardun shaidar horon kwana uku sun cika gari, yawancinsu ba sa ƙara komai. Waɗanda suke da nauyi a Najeriya kaɗan ne. Cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, tana da rassa a wurare da suka haɗa da Kainji, Kaduna, Kano da Jos, kuma tana koyar da kafa sola da tsara mini-girid, da manhajar da aka shirya tare da shirin NESP na GIZ. Hukumar NEMSA ita ke ba masu aikin wayarin takardar ƙwarewa, ita ce kuma ke duba tasha kafin a ba ta izinin fara aiki. Injiniya kuwa rajistar COREN, majalisar kula da aikin injiniya, ce za ta ba shi ikon sa hannu a zane, kuma majalisar tana yi wa masu HND da masu sana'ar hannu rajista a matakinsu. Mai sha'awar bincike ya leƙa Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana tun kafin abin ya zama yayi.

Kafin ka biya kuɗin kowane horo, tambayi abu biyu: kwana nawa za a yi ana taɓa kayan aiki, kuma ina ɗaliban bara suke aiki yanzu.

Ka kuma zauna ka karanta ƙa'idojin mini-girid na NERC, hukumar sa ido kan harkar lantarki ta ƙasa, waɗanda aka fara fitarwa a 2016 aka sabunta a 2023. Ba su da tsawo. A cikin na 2023 za ka ga cewa an ƙayyade mini-girid kada ya wuce megawat 1, cewa wanda bai wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe shi amma wanda ya haura sai da izini, da abin da zai faru in babban layin kamfanin rarraba wuta ya iso garin daga baya. Masu neman aiki kaɗan ne suka karanta, kuma ana gane wanda ya karanta.

Mataki na 5: Yi binciken gari ɗaya da kanka, ba wanda ya aike ka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma kuɗin mota kawai zai ci. Zaɓi ƙauyen da ba wuta wanda kake da ɗan'uwa ko aboki a ciki. Fara da gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, ka faɗi gaskiya: "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne, ina koyon aiki ne, ban zo da alƙawarin wuta ba." Jaddada wannan, domin ƙauyukanmu sun gaji da masu zuwa da takarda da biro su tafi ba a sake ganinsu.

Sannan ka yi yawo. Kada ka tambayi mutum, "In an kawo wuta nawa za ka biya?" Zai faɗi abin da yake ganin kana son ji. Tambaye shi abin da yake kashewa yanzu. Mai cajin waya lita nawa ta fetur yake saye a yini, nawa yake karɓa kan kowace waya? Mai injin niƙa ƙarfe nawa yake tayar da inji, ƙarfe nawa yake kashewa, gas na nawa yake sha a mako, kuma aiki yana raguwa da bazara? Mai gidan kallon ƙwallo fa? Mai walda ina yake zuwa in zai yi babban aiki? A cikin gida, batirin tocila guda nawa ake saye a wata? Duba jikin kowane inji ka rubuta ƙarfin da aka buga a ƙarfensa. In akwai masu noman rani a fadama, tambayi kuɗin man injin ban ruwa tun daga shuka har girbi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan lissafi ya sauya ƙwarai, kuma shi ya sa famfon sola ya fara shiga gonaki.

Abin da za ka gano da idonka shi ne dalilin da ya sa kamfanoni ke damuwa da masu sana'a fiye da gidaje. Gida yana shan wuta kaɗan, kuma da dare, lokacin da sai batir mai tsada ya yi aiki. Mai niƙa, mai walda, mai ƙanƙara da tela suna sha da rana, lokacin da wutar ta fi arha ga kamfani. Garin da ke da injinan niƙa biyar da kasuwar mako ya fi garin da ya ninka shi yawan gidaje amma ba sana'a. Duk wanda ya iya shawo kan mai niƙa ya bar injin gas ya koma na lantarki, ya kuma nemo masa hanyar biyan sabon injin kaɗan-kaɗan, kamfani ba zai so ya rabu da shi ba.

A nan mata ke da fifikon da babu mai ƙwace musu. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Sana'o'in cikin gida kuwa, markaɗe, ɗinki, zoɓo da kunun aya na sayarwa, ƙuli-ƙuli, duk a bayan katanga suke, haka maganar murhu da itace. Binciken da ba mace a cikinsa rabin gari ya gani. Ƙungiyar Solar Sister da kamfanin Sosai na Kaduna, wanda Habiba Ali ta kafa, sun gina aikinsu ne a kan mata masu sayar wa mata.

Shigar da amsoshin a KoboToolbox, manhaja ce ta kyauta da ke aiki a waya ko ba intanet, kuma ita ƙungiyoyin agaji da yawa ke amfani da ita. Ɗauki lambobin wuri na kowane shago, ka zana taswira a QGIS, ka fitar da jadawalin yadda buƙatar wuta ke hawa da sauka daga asuba zuwa tsakar dare. Rubuta rahoto mai shafi biyar zuwa takwas, kada ka sa sunan kowa sai da izininsa. Wannan rahoto ya fi takardun halartar taro goma.

Mataki na 6: Aikin farko

Nemi jerin kamfanonin da ke cikin ƙungiyar REAN ta masu sabunta makamashi a Najeriya da AMDA ta masu gina mini-girid a Afirka, ka duba waɗanda REA ta sanar sun samu ayyuka a jiharka. Rubuta wa kowanne gajeriyar wasiƙa, ka haɗa da rahotonka. Yawancin kamfanonin nan hedikwatarsu a Legas ko Abuja take, ayyukansu kuma suna ta gangarowa arewa, saboda haka mai jin Hausa da Turanci, wanda ya san yadda ake shiga fada da yadda ake magana da liman, yana da abin da ba za su koya wa wani cikin wata uku ba. In da Fulatanci ko Barbarci a kai, faɗa a layin farko.

Mai shirin hidimar ƙasa ya nemi takardar buƙata daga irin waɗannan kamfanoni tun kafin ya fita sansani. Wanda ya wuce nan kada ya raina aikin wakilin sayarwa, mai kula da tasha, ko mai tattara bayanai na kwangilar mako biyu. Albashin farko ba zai burge ka ba. Abin da kake saye da wannan wahala shi ne lambobi: tasha mai kilowat nawa ka kula da ita, kwastomomi nawa, kashi nawa na kuɗin wuta ake tarawa lokacin da ka zo da lokacin da ka tafi, awa nawa wuta ta ɗauke a wata. Ajiye littafi ka riƙa rubutawa, da hotuna in kamfani ya yarda. A CV, "na yi aiki tuƙuru da jama'a" ba ta cewa komai. "Na yi wa gidaje 180 da shaguna 25 rajista a garuruwa 2" ita ke tsayar da ido, muddin gaskiya ce, domin za a kira tsohon maigidanka.

Maganar tsaro ba a wasa da ita. Garuruwan da suka fi buƙatar wuta a Zamfara, Katsina, Neja da Barno sau da yawa su ne hanyarsu ba ta da tabbas. Kamfanin kirki yana da ƙa'idar tafiya, lokacin da ba a kama hanya, da inshora. In babu, ka san irin darajar da aka ba ranka.

Mataki na 7: Gyara alƙalami, ƙara harshe

Abin da ke raba ma'aikacin fili da wanda ake ɗagawa zuwa ofis yawanci rubutu ne. Hukumomin raya ƙasashe da rahoto suke numfashi: takardar neman tallafi, rahoton wata uku, jadawalin auna sakamako. Koyi rubuta shafi ɗaya na Turanci mai tsabta wanda ya faɗi abin da aka yi, abin da ya hana, da abin da ake buƙata. Shiga shafin Bankin Duniya ka sauke takardun aikin DARES ko na NEP da ya gabace shi, a buɗe suke ga kowa, ka ga yadda ake tsara manufa da ma'auni. San muradi na 7 cikin muradun ci gaba masu ɗorewa da aka amince da su a 2015, da ma'aunin matakai daga 0 zuwa 5 da ake auna ingancin samun wuta da shi, domin gida mai fitila ɗaya da gida mai firji ba a mataki ɗaya suke ba.

Sai Faransanci. Shirin Desert to Power na Bankin Raya Afirka, mai burin gigawat 10 na hasken rana, ya shafi ƙasashe 11 na yankin Sahel, kuma da yawansu da Faransanci ake aikin ofis. A Nijar akwai kamfanin NIGELEC da hukumar ANPER ta wutar karkara, ga tashar megawat 30 ta Gorou Banda kusa da Yamai da ta fara aiki a 2023. Bahaushen Maraɗi ko Damagaram da ya ƙara Turanci, da Bakano ko Bakatsinen da ya ƙara Faransanci, kowannensu ya buɗe wa kansa kasuwar ƙasashe da dama. Hedikwatar Bankin Raya Afirka a Abijan take, harsuna biyun nan kuma su ne na aikinsa.

Mataki na 8: Tsallakawa zuwa hukumomin duniya

Bayan shekara biyu zuwa huɗu a fili, ƙofofi uku ne a gabanka. Ta farko ita ce gajeren aikin ba da shawara: kamfanonin da suka ci kwangilar GIZ, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ko Bankin Duniya suna ɗaukar 'yan ƙasa na 'yan watanni don bincike, tantancewa ko horarwa. Ta nan mafi yawa ke shiga, domin sunanka zai fara bayyana a rahotanni. Ta biyu ita ce shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, wanda ke biyan alawus kuma yake da gurabe na cikin gida. Ta uku digiri na biyu ne. Tallafin Chevening na Birtaniya da na DAAD na Jamus a fannonin raya ƙasa duka suna neman shekara biyu ta aiki, ka ga amfanin fara fili kafin karatu. Jami'ar Oldenburg a Jamus ta daɗe da shirin digiri na biyu kan sabunta makamashi. A cikin Afirka akwai cibiyar PAUWES ta Tarayyar Afirka a Tilimsan ta Aljeriya, da 2iE a Wagadugu. Shirye-shiryen matasan ƙwararru na Bankin Duniya da na Bankin Raya Afirka suna buƙatar digiri na biyu da gogewa, kuma gasar tana da zafi ƙwarai.

Hanyar daga gida zuwa ƙoli ba tatsuniya ba ce. Damilola Ogunbiyi ta shugabanci REA kafin a 2020 ta zama shugabar SEforALL, ƙungiyar duniya mai fafutukar samar wa kowa makamashi, mai hedikwata a Biyana. Banda SEforALL akwai hukumar sabunta makamashi ta duniya, IRENA, a Abu Dabi, da takwararta ta ECOWAS, cibiyar ECREEE, a Kef Bad. Guraben irin waɗannan wurare suna fitowa a shafukansu, da ReliefWeb, Devex, Impactpool da LinkedIn.

Amma kada ka ɗora rayuwarka kacokan a kan kuɗin tallafi. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, shirin Power Africa da aka fara a 2013 ya tafi tare da ita, ƙwararru masu shekaru a aiki suka wayi gari ba kwangila. Waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu sana'ar da kasuwa ke saye ko da tallafi ko babu: iya tsara tasha, iya lissafin jari, iya sayarwa. Ko ka samu kujera mai sanyi, kada ka bar hannunka ya manta.

Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki, haka bankunan raya ƙasashe. Duk wanda ya turo maka takardar kama aiki ta WhatsApp ya ce ka biya kuɗin horo, biza ko gwajin lafiya, ɗan damfara ne. In kuma tayin gaskiya ya zo, karanta kwangilar kafin murna: ma'aikaci ne kai ko mai ba da shawara, domin na biyun yawanci ba shi da fansho, hutu ko inshorar lafiya, da naira za a biya ka ko da dala, kuma a wane canji, wa zai biya haraji, kwana nawa ake ɗauka kafin a biya bayan ka miƙa rahoto, sannan wata nawa ya rage kafin kuɗin aikin da aka ɗauke ka a kansa ya ƙare.